Wane jirgin yaƙi ne mai wutsiya biyu da ya riƙa sauka a Kano lokacin yaƙin Hitila?

ɗan_Ringim:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masana tarihi ku taimaka min, marigayi kakanmu ya yi leburanci a filin jirgin Kano zamanin yaƙin Hitila, kuma ya sha ba mu labarin wani jirgin Amurkawa mai farfela biyu da wutsiya biyu, wai hancinsa duk gilashi ne kuma kan taya uku yake tsayawa, ɗaya a gaba. Wane jirgi ne wannan, kuma me ya kawo shi Kano tunda ba nan ake yaƙin ba?

Malam_na_Bichi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho. Siffar nan ta B-25 Mitchell ce, tayar gaban nan ita ta raba gardama, don jirgin Hudson ma inji biyu ne da wutsiya biyu amma shi ƙaramar tayarsa a baya take, B-24 kuma inji huɗu gare shi. Kamfanin North American ne ya ƙera shi, ya fara tashi a watan Agusta 1940, aka sa masa sunan Janar Billy Mitchell. An yi kusan 9,800 kafin a daina. Injinansa Wright R-2600 ne, kowanne ƙarfin doki wajen 1,700. Matsakaici ne a cikin masu jefa bam, bai kai su B-17 ɗaukar kaya da cin nisa ba amma ba ya buƙatar dogon fili kuma matuƙa sun ce yana da sauƙin sarrafawa. In ka duba hotonsa ta gaba za ka ga fukafukin ya ɗan ɗaga daga jiki zuwa inji sannan ya miƙe, ba ado ba ne, guda 9 na farko sun riƙa tangaɗi a sama shi ne aka gyara sauran haka.

Baban_Hafsat:
Malam ya gama magana kan jirgin, bari in ɗan taɓa batun Kano. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1940 hanyar Bahar Rum ta zama haɗari, sai Turawan Ingila suka koma kawo jirage a akwati ta ruwa zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, su keta Chadi da Sudan har Alƙahira. Amurkawa kuwa tasowa suke ta Burazil su tsallako teku zuwa Akra sannan su hau wannan hanyar, a 1942 B-25 ɗinsu sun bi ta haka zuwa Masar don yaƙar Rommel, janar ɗin Jamus. Kano zango ce, a sha mai a duba inji a wuce.

ɗan_Ringim:
Allah ya saka da alheri. To Malam wai shi ne wanda ya kai wa Japan hari daga kan jirgin ruwa?

Malam_na_Bichi:
Shi ne fa. 18 ga Afrilu 1942, guda 16 suka tashi daga kan jirgin ruwan Hornet ƙarƙashin Doolittle, wani hafsan sojan Amurka, mutum 5 a kowanne, alhali ba don haka aka ƙera shi ba sam. Sai da aka cire wasu bindigogi aka ƙara tankunan mai, har sanduna aka shafa wa baƙin fenti aka maƙala a baya wai maƙiyi ya zaci bindiga ce, wlh ƙarfin hali. Wani kwalekwalen sintiri na Japan ya hango su dole suka tashi tun ba su kai inda aka tsara ba, to sun jefa bam a Tokyo da wasu garuruwa amma mai ya ƙare, 15 suka faɗi a China ko gaɓarta, ɗaya ya sauka a ƙasar Rasha aka tsare mutanensa. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba a ganina, tsoratarwar ce ta yi aiki.

injiniya_Gumel:
Kun manta B-25 samfurin G da H, waɗanda aka toshe hancin gilashin aka dasa igwa mai milimita 75 don harbin jiragen ruwa. Da hannu ake ɗura mata harsashi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa daga baya suka gwammace su cika hancin da mashinga 8 kawai.