Malamarmu ta ba ni Yuri Nikulin, ni kuwa ko murmushi ban yi ba

Sabon Ɗalibi, Kursk:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na yi katoɓara, ina neman shawara.

Wata biyar ke nan da zuwana, ina ajin koyon harshe, podfak. Malamarmu dattijuwa ce mai kirki. Ta raba mana sunayen fitattun mutanen Rasha, kowa zai tsaya gaban aji ya yi bayanin minti bakwai da Rashanci. Wani ɗan Masar ya samu Gagarin, wata 'yar Indiya ta samu Pushkin, ni aka miƙo mini Yuri Nikulin, ɗan wasan barkwanci. Na zauna na kalli fim ɗinsa da ta ce ya fi shahara, Brilliantovaya Ruka, wato hannun lu'ulu'u, daga farko har ƙarshe. Wallahi ko haƙorina bai fito ba. Washegari ta tambaye ni yaya na gani, ni kuma da bakina marar linzami na ce mata babu abin dariya a ciki. Ba ta yi faɗa ba. Tabarau ta cire, ta goge da gefen rigar sanyinta, ta ce "haka ne?", ta ci gaba da darasi. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Saura kwana tara. In roƙe ta ta canza mini mutum, ko in haddace abin da ke intanet in zuba musu in huta? Sannan fim ɗin akwai shan giya, akwai wata fitowar mace a ɗakin otal, ban san yadda zan haska wannan a aji ba.

Ɗan Fagge, Kazan:
Kai yaro, ka taɓo kakan mutane! Ka ɗauka Bature ya sauka Kano, wata biyar da fara koyon Hausa, a kunna masa marigayi Ibro, ya tashi ya ce "wannan ba ya ba da dariya". Ya za ka ji?

Anti Dakta, Mosko:
Ƙanena, ba laifinka ba ne, ta ƙofar baya ka shiga gidan. Rabin dariyar wancan fim a cikin magana take, kuma maganar zamanin Sobiyat: tsoron fita ƙasar waje, shugabar gidan haya mai sa ido a kan kowa, kayan waje da ake kwaɗayi. Nikulin ya fito a mutum salihi da ya tafi yawon buɗe ido, santsin ɓawon kankana ya kwashe shi, ya saki ashar, ashe wannan ashar ɗin ita ce kalmar sirrin 'yan fasa-ƙwauri, suka ɗaure masa hannu da filasta cike da gwal da lu'ulu'u. Fim ɗin ya fito 1969, sama da mutum miliyan 76 suka kalle shi a sinima. Har yau duk hutun sabuwar shekara sai an sa shi a talabijin. Abokan aikina a asibiti jimlolinsa suke jefa wa juna kamar karin magana, na shekara uku ina dariyar yaƙe kafin na fara kamawa.

Ka koma baya ka nemi Pyos Barbos na 1961, Leonid Gaidai da ya shirya wancan fim ɗin ne ya shirya shi. Minti goma ne, babu magana ko ɗaya. Wasu mutum uku sun je kamun kifi da nakiya, suka ɗaura ta a sanda suka jefa kogi, karensu ya ɗauka wasan ɗauko sanda ake, ya tsamo ta tana hayaƙi ya biyo su. Sauran gudu ne. Kamfanin Mosfilm na sa finafinansa kyauta a YouTube. Ka kalla ka dawo mana.

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni a Mosko na yi karatu a shekarun 1980, lokacin mutumin yana raye, bari in ɗan tsawaita.

Abin da ya sa malamarka ta cire tabarau ba fim ɗin ba ne. Mutanen wancan zamani ba sa kallon Nikulin a matsayin wawan fim kawai. An haife shi a watan Disamba 1921 a Demidov, yankin Smolensk. Yana gama sakandare a 1939 aka ɗauke shi soja, bai cika sha takwas ba, kuma bai tuɓe kaki ba sai 1946. Yaƙi biyu ya gani: na Finlan, sannan babban yaƙi da Jamus. Yana cikin masu harbo jiragen sama a kewayen Leningrad, garin da aka yi wa ƙawanya daga Satumba 1941 zuwa Janairu 1944, yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane. Ka riƙe wannan a ranka, ka sake duba fuskarsa a fim. Baki yana wauta, idanu kuwa kamar na wanda ya dawo daga jana'iza. 'Yan Rasha wannan suke gani, kai kuma kana can kana bin fassara a ƙasan allo.

Da ya dawo daga yaƙi ya nemi shiga makarantar fim ta VGIK, suka ƙi shi. Makarantun wasan kwaikwayo ma suka ƙi. Inda aka karɓe shi shi ne tsirk na titin Tsvetnoy, gidan da ake wasa da dawaki da tafiya kan igiya, a ajin masu ba da dariya, irin 'yan kamanmu amma da fenti da manyan takalma. Ya yi yaron gida wajen shahararren ɗan wasa Karandash, a nan ya haɗu da Mikhail Shuidin, suka ɓalle a 1950 suka yi wajen shekara talatin suna fitowa tare. Matarsa Tatyana ma da ita ake wasu fitowar. Fim bai fara ba sai 1958, yana da shekara 36. Wanda aka ce bai dace da fim ba!

Su uku ɗin da Dakta ta ambata, shi da Georgy Vitsin da Yevgeny Morgunov, su ne Matsoraci, Dolo da Gogagge. Nikulin ne Dolo, Balbes. Suna ya bi shi, amma bai yarda ya maƙale a nan ba. A farkon shekarun 1960 ya fito a matsayin tsohon soja da giya ta lalata, wanda ya je ƙauye ya yi ƙaryar shi ne uban wata marainiya. Tarkovsky ya sa shi a fim, Bondarchuk ya sa shi a fim ɗin yaƙi a 1975, Aleksei German ya ba shi babban matsayi na ɗan jaridan fagen daga. Babu wargi a cikin waɗannan.

A 1981, da ya cika sittin, ya daina shiga fili, ba da jimawa ba aka ba shi shugabancin gidan. A hannunsa aka rushe tsohon ginin aka sake shi, aka buɗe a 1989. Ya rasu ranar 21 ga Agusta 1997 bayan aikin zuciya. Gidan yanzu sunansa yake ɗauke da shi, ɗansa Maksim ya gaje shi a shugabanci.

Kada ka haddace wannan ka zuba kamar karatun allo. Ka fara da gaskiya: na kalla ban yi dariya ba, sai na je na binciko dalili.

Mai Lissafi, Belgorod:
Baba, da girmanka, ni dai ina ganin ya canza kawai. Yaron nan likitanci ya zo yi, maki yake nema. Ya karɓi masanin kimiyya irin Mendeleev ko Pavlov, kalmomin za su yi masa amfani gaba. Kwana tara ba wasa ba ne.

Anti Dakta, Mosko:
Mai Lissafi, marasa lafiyar da zai fara gani a asibitin koyarwa tsofaffi ne. Na taɓa samun wani dattijo da ya ƙi ko kallona, baƙar fata, ga ɗankwali. Ina ɗaure masa hannu na ce masa kada ya damu, babu lu'ulu'u a ciki. Sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, daga ranar ni yake nema. Pavlov bai taɓa yi mini wannan ba.

Batun giya da matar otal kuma, ƙanena, wa ya ce sai ka haska su? Minti bakwai gare ka. Minti ɗaya na kare da nakiya ya wadatar, babu abin kunya a ciki.

Ɗan Fagge, Kazan:
In ka samu zuwa Mosko, ka sauka tashar metro ta Tsvetnoy Bulvar. Mutum-mutuminsa na tagulla na tsaye a ƙofar tsirk jikin wata buɗaɗɗiyar mota, hancin har ƙyalli yake don shafa. A maƙabartar Novodevichy kuma an yi shi a zaune, karensa kwance a gabansa. Hoton ɗayansu ya isa shafinka na ƙarshe.

Sabon Ɗalibi, Kursk:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na kalli na karen sau uku. Inda suka haye bishiya kare ya ajiye musu sandar a gindi, sai da maƙwabcin ɗakina ya buga bango. Baba, na rubuta farkon kamar yadda ka ce, yau bayan darasi na tsaya na nuna wa malama. Ta gyara mini kurakurai goma sha ɗaya da jan biro, ta ce gobe za ta kawo mini wani tsohon tikitin tsirk da ta ajiye tun tana yarinya, in saka a ciki.

Tambaya ɗaya ta rage: ina ake danna sunan? Ni NIkulin nake cewa.

Baba Injiniya:
A tsakiya, ɗana. NiKUlin. Ka gyara kafin ta sake cire tabarau.