A cire bidiyon Daso ko a bar shi?

Auta ce ta sa guntun wani tsohon fim na marigayiya Saratu Gidado, wato Daso, a zauren WhatsApp na 'yan gida. Daga nan zance ya tashi.

Kawu (Tudun Wada): Auta, cire abin nan. Baiwar Allah ta riga mu gidan gaskiya, mai ƙaunarta addu'a zai yi mata, ba ya riƙa yawo da ita a waya tana zazzaga masifa ba.

Auta (Barnawa): Kawu ka yi haƙuri, wallahi kewarta ce ta kama ni. Kuma ba rawa a ciki, ba waƙa.

Inna (Unguwar Rimi): Allah sarki Daso. Ni ranar ba ta fita a raina, 9 ga Afrilu 2024, ina tsakar suyar cincin ɗin salla labari ya iso. Ta yi sahur, ta koma ta kwanta, shi ke nan. Washegari aka sha ruwa aka yi idi ba ita. Cincin ɗin nan sai da ya ƙone mini. Matar da na shekara ashirin ina tsine wa muguntarta a fim, sai ga ni ina hawaye a bakin murhu.

Kawu: To kin gani. Abin da ke bin mutum kabari uku ne: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, ɗa nagari mai addu'a. A wanne za ki sa fim?

Babban Yaya (Kawo): Kawu, a gafarce ni, ina da ja. 'Yar fim ɗin nan Hauwa Ali Dodo, wato Biba Problem, ta rasu a hatsarin mota a hanyar Jos ranar 1 ga Janairu 2010. Lokacin faifan CD ne, ya karce an zubar. Yau tambayi yaran gidan nan wace ce ita, ba mai amsa maka. Wanda ba a tuna shi ba, wa zai ce Allah ya jiƙansa?

Auta: Ni ma sunan kawai nake ji.

Inna: Kawu, tsakani da Allah, kai da har gobe in aka sako Samanja ba ka motsi daga gaban talabijin? Shi ma ai ya rasu, nan Kaduna, a 2023.

Kawu: Wannan daban. Namiji ne, kuma cikin kakin soja yake.

Inna: Au, mutuwar ma akwai ta maza da ta mata?

Kawu: Ke dai ba a raba ki da tsiwa tun kina yarinya. Maganar sutura nake yi.

Babban Yaya: In sutura ce, na duba, da mayafinta a bidiyon.

Kawu: Ban buɗe ba, kuma ba zan buɗe ba.

Auta: To in cire ne ko in bari?

Inna: Dakata tukuna, nawa bai gama sauka ba.