Wane rumbun bayanai zan sa wa shafin Gwaggo?

Sadiq Gangare: Salamu alaikum 'yan zaure. Gwaggona mai shagon atamfa da turaren wuta a Terminus ce ke so in yi mata shafin intanet. Kayan ba su kai 300 ba, hoto ne da farashi, sai wurin da mutum zai bar oda. Wane rumbun bayanai (database, manhajar da za ta riƙa ajiye bayanan kaya da oda) zan sa? Na ga ana ta yabon MongoDB.

Injiniya Bukuru: Wa'alaikumussalam. Da me za ka rubuta shafin tukuna?

Sadiq Gangare: PHP, Injiniya. Ko in bi WordPress in huta.

Injiniya Bukuru: In WordPress ne ai ba ka da zaɓi, MySQL ko MariaDB. Hostin (wurin da ake haya a ɗora shafi) mai cPanel da su yake zuwa, ga phpMyAdmin na sarrafa su a ciki.

Maman Hanif: Kaya 300? SQLite ta ishe ka har da canji. Fayil ɗaya ne tak, ba sabar da za ka kunna. Ita ce ke riƙe da hirarrakinka na WhatsApp a cikin wayarka yanzu haka.

Ɗan Rikkos: PostgreSQL ko ba komai 💪

Maman Hanif: Kai ko kiosk ɗin kati aka ce ka yi wa shafi PostgreSQL za ka ce.

Malam Auwal: Sadiq, bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Shekarun baya na yi wa wata makarantar Islamiyya shafin sakamakon jarrabawa, ɗalibai wajen 400. MySQL na sa, ban ko duba tsarin haruffa ba, na bar shi a latin1 yadda ya zo, don kafin sigar 8.0 haka yake zuwa. Ranar raba sakamako sai ga Ɗanladi ya koma ?anladi, Ɓaidu da Ƙasimu ma duk alamar tambaya a gaban sunansu. Wani uba ya zo har ofis yana faɗa wai an ɓata sunan ɗansa. Na ce zan gyara cikin dare, na taɓa teburin kai tsaye ba tare da na ɗebi kwafi ba, na goge makin aji biyu. Na kira kamfanin hostin, suka ce kwafin da suke da shi na wata uku da suka wuce ne. Kwana huɗu ni da malamai biyu muna sake shigar da maki daga takarda, cikin sanyin Disamba, hannu har ba ya lanƙwasuwa. Don haka duk wanda ka ɗauka, sa utf8mb4 tun ranar farko, shi ke ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ har da emoji. Kuma ka riƙa sauke kwafi duk mako kana ajiyewa a wani wuri daban. Kar ka dogara da na masu hostin.

Ɗan Rikkos: ?anladi 😂😂 wallahi Malam ka gama da ni

Malam Auwal: Yi dariyarka, ranarka na zuwa.

Hafsat Abuja: Firebase fa? Ba ruwanka da sabar, kuma Firestore, rumbun bayanansa, na ba da damar karanto bayanai sau 50,000 kyauta a rana.

Injiniya Bukuru: Ranar da ya wuce na kyautan da dala zai biya. Wa zai je ya yi wa Hajiya bayanin dala?

Hafsat Abuja: Shagon atamfa ne zai cinye 50,000 a rana? Allah ya kawo kasuwar!

Maman Hanif: Amin. Amma MongoDB da ka ambata, Sadiq, ajiye ta. Kaya da oda da masu saye abubuwa ne masu alaƙa da juna, teburi suke so. Aibin SQLite ɗaya ne, mutum ɗaya ke rubutu a lokaci guda, in an yi cunkoso sai ta ce a kulle take. Kunna saitinta da ake kira WAL, masu karatu ba za su tsaya jiran mai rubutu ba. Oda nawa Gwaggo za ta samu a daƙiƙa ɗaya?

Ɗan Rikkos: Ni dai MySQL tun da ta koma hannun Oracle a 2010 na fita harkarta.

Injiniya Bukuru: Ai shi ya sa wanda ya ƙirƙiro MySQL ɗin ya ware ya yi MariaDB. Sunan 'yarsa ya sa mata, ita ma My ɗin sunan 'yarsa ce.

Hafsat Abuja: To wa zai yi mana HafsatDB?

Ɗan Rikkos: Sai kin dawo Jos. Ba ma yi wa waɗanda suka gudu daga sanyi.

Hafsat Abuja: Ku fara aiko min da buhun dankalin da kuka yi alkawari tun Sallah.

Sadiq Gangare: Jama'a, wanne zan ɗauka kenan?

Malam Auwal: Ka riga ka biya kuɗin hostin?

Sadiq Gangare: Eh Malam, na shekara ɗaya, mai cPanel.

Injiniya Bukuru: To me ka tsaya tambaya? Buɗe ka ga abin da ke ciki.

Maman Hanif: SQLite ma za ta zauna a can lafiya lau. Sadiq, tambayar min Gwaggo nawa take sayar da turmin Holan yanzu, akwai bikin ƙanwata a Anguwan Rogo wata mai zuwa.