Neman shawara: mun ci sushi a hanyar biki, har yau 'yata ba ta saki jiki ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Gombe muka tashi da mota zuwa Abuja bikin ƙanwar maigida, mu da yara da surukata Hajiya, muka bi ta Bauchi, Jos, Akwanga da Keffi. Babbar 'yata ta gama WAEC, babanta kuma ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ci sushi, abincin Japan ɗin nan da take gani a waya. Ko masa a Bauchi ba ta ci sosai ba saboda ɗoki.

Da daddare muka shiga wani gidan abinci a Abuja. Shinkafar ta yi sanyi ƙalau, ga tauri, da an ɗauka sai ta wargaje. Kifin gefensa ya bushe, ƙarni tun kafin faranti ya sauka. Ƙanenta ya lashi koren abin nan, wasabi, ya ɗauka fiya ce, sai hawaye. Hajiya ta ture farantin, ta ce ita ba ta san halaccin ɗanyen kifi ba. Maigida ya biya kuɗi masu yawa bai ce uffan ba, muka ƙare da tsire.

Tun ranar yarinyar ta yi shiru, cewa take ita ta jawo wa babanta asara. Abin yana damuna ƙwarai. Shin haka sushi yake, ko cutarmu aka yi? Halal ne? Ita kuma yaya zan yi da ita?

Wani ɗan Bauchi da ya yi karatu a Malesiya:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ba haka yake ba. Shinkafar sushi ba a firij take kwana ba. Da ɗan ɗuminta ake kawo ta, tana da danƙo, an haɗa ta da binega, sukari da gishiri. Tauri da sanyi alama ce ta an daɗe da haɗawa. Kifi mai kyau kuma ba ya ƙarni. Abuja nesa take da teku, kifin salmon ma daga waje ake shigo da shi, yawanci daga Norway, don haka in ajiya ta samu matsala a hanya, a faranti za a gani. Sannan ba duk sushi ne ɗanye ba. Akwai na kokwamba da fiya, akwai na soyayyen jatan lande. Da waɗannan mai farawa ya kamata ya fara.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Gombe:
Ni lafiyarsu ce ta dame ni. Kifin da za a ci ɗanye ana daskarar da shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili har kwana 7 don kashe tsutsa, amma sanyi ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta. Mai ciki, tsofaffi da ƙananan yara su haƙura da shi, Hajiya ta yi daidai da ta ƙi ci. In wani ya fara amai, gudawa ko ciwon ciki, a kai shi asibiti a faɗi abin da ya ci.

Wani malamin Islamiyya:
Ki gaya wa surukarki ta kwantar da hankali. Abincin teku halal ne, aya ta 96 a Suratul Ma'ida, kuma kifi ba ya buƙatar yanka. Abin da za a bincika shi ne mirin, wata giyar shinkafa da wasu ke zubawa a shinkafar ko miyar. A riƙa tambaya kafin a saya.

Wata uwa daga Bauchi:
'Yar uwa, duk wannan mai sauƙi ne, ki kula da yarinyar. Shirun babanta ne ya fi yi mata ciwo, ba kifin ba. Ki same shi ku biyu ki ce ya kira ta da bakinsa ya faɗa mata laifin masu abincin ne. Kuma ki rubuta wa manajan wurin cikin ladabi, da rasit ɗinku. Kar ki ce kunya, kuɗinku ne.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Kowa lafiya lau, alhamdulillah. Rasit na nan a jakata, yau zan tura musu saƙo. Maigida kuma in ya dawo daga masallaci zan yi masa maganar.