Zanen da ke jikin fentin motata ya ƙi fita

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu fenti da masu wankin mota.

Ina da Corolla baƙa ƙirar 2012 a nan Kano. Tun hunturun bana na lura da wasu siraran zane masu zagaye a bonet da murfin but, kamar saƙar gizo-gizo. A inuwa ba a ganin komai, amma da rana ta bugi wurin sai su fito ɓaro-ɓaro. Laifina ne, na sani: kullum da safe busasshen tsumma nake sawa in goge ƙura. Yaron da ke wanke min ita kuma soso ɗaya ne har taya.

Na shafa folish da hannu sau 2. Ta yi ƙyalli, bayan wanki 3 zanen ya dawo, ashe rufe shi kawai aka yi. Na ja farce a wurin don in ji zurfin zanen, bai maƙale ba.

Wani mai fenti ya ce sai an sa injin gogewa, ni kuwa tsorona kada ya cinye sheƙin saman fentin. Akwai wanda ya gwada? Bayan an gyara kuma, me zan shafa da zai jure rana da ƙura? Ba ni da rumfa, a waje take kwana.