Yaushi, bushewa, yamushewa: wace kalmar Turanci ce ta taɓa ba ku kunya?

Manomin Kadawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kunya na sha makon jiya, shi ya sa na kawo zancen nan. Ina noman rani, kuma ni ke rubuta wa ƙungiyarmu rahoto zuwa wata hukuma da ke ba mu iri. Injin ban ruwanmu ya lalace kwana huɗu, tumatir ya yi yaushi. Sai na rubuta musu cewa tumatirinmu ya zama "dry". Washegari jami'in ya kira ni da murnarsa, wai buhu nawa muka haɗa na busasshen tumatir, yana da mai saye. Shi a zatonsa shanya muka yi, alhali shukar ko fure ba ta gama ba. Da na yi masa bayani ya yi ta dariya, ya ce "wilted" ya kamata in rubuta. Duk wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya ba mu labari, mu ƙaru da juna.

Malamar Turanci, Zariya:
Wa alaikumus salam Malam. Ba kai kaɗai ba ne. Abin da ke ba ni mamaki, ɗaliban da ba za su taɓa ce wa yaushi bushewa da Hausa ba, da sun shiga Turanci sai su tara komai a kan "dry". Da na gaji da bayani a allo, sai na sayi alayyahu da tattasai ranar Litinin na ajiye a tagar aji. Kafin a tashi alayyahu ya langaɓe, na ce wannan shi ne "wilt". Na tsoma reshe ɗaya a kofin ruwa, da safe ya ɗan miƙe. Wanda aka bari a taga kuwa zuwa Juma'a ya ƙeƙashe, ana murzawa yana marmashewa, na ce to ga "wither", an wuce inda ruwa zai yi magani. Tattasan kuma bai mutu murus ba, fatarsa ce ta yamushe ya motse, wannan shi ne "shrivel". Ita wannan kalma siffa take kallo: abu ya ƙanƙance ya yi tamoji. Shekara uku ke nan, har yau idan na haɗu da 'yan ajin nan sai sun tuna mini da tattasai. Rubutun kalmar kuma wata rigima ce daban, don "wither", "weather" da "whether" duk ɗaya suke a kunnen yaranmu.

Malamin Gona:
Malama, a yi mini afuwa, akwai gyara kaɗan. Ba kowane "wilt" ne ruwa ke tayarwa ba. A karatunmu na aikin gona akwai matakin da ake kira "permanent wilting point", wato ƙasa ta bushe har saiwa ba ta iya tsotsar komai, ko dare ya yi sanyi ganyen ba ya miƙewa. Sannan kalmar sunan cuta ce ma. Na taɓa zuwa gonar wani dattijo, tumatirinsa ya yi yaushi, yana ta malala ruwa har ƙasa ta zama caɓi, yaushi sai ƙaruwa yake. Na yanki kara ɗaya na rataya bakinsa cikin ruwa a kofin gilashi. Bayan 'yan mintoci wani farin zare mai kama da madara ya fara sauka daga cikin karan. Ƙwayoyin cuta ne suka toshe hanyar ruwa a jikin shukar, abin da ake kira "bacterial wilt". Na ce Baba, ruwan nan da kake ƙarawa shi ke kai cutar sauran kunyoyin. Ya daɗe yana kallon kofin bai ce uffan ba.

Malamar Turanci, Zariya:
Na karɓi gyara, Malam. Gobe zan kai wa ɗalibai.

Maman Tagwaye:
Ni tawa a asibiti ce, kuma ba ta dariya ba ce. Ɗaya daga cikin yaran ya kwana yana gudawa. Likita ya duba shi ya ce wa nas "dehydrated". Ni da ɗan Turancina na sakandare na ɗauka sunan wata muguwar cuta ce, na fashe da kuka. Nas ɗin ta dafa ni ta ce, Yaya ki kwantar da hankalinki, ruwan jikinsa ne ya ragu. Ta nuna mini maɗigarsa da ta faɗa, idonsa ya zurma, ta ja fatar cikinsa ta saki, ba ta koma da wuri ba. Ta koya mini haɗin gishiri da sukari idan babu na leda a kusa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin da a gida kakarsu ke cewa yaro ya tsotse, ashe shi ne. Alhamdu lillahi ya warware.

Ɗan Maraɗi:
Mu da muka yi lakwal da Faransanci, "sec" da "sécheresse" muka sani. Da na fara kasuwanci da Kano sai na ci karo da "drought", na karanta shi "draft". Abokina ya ce kai Alhaji, wannan ai wasan da ake bugawa a bakin titi ne, fari kuwa "draut" ake faɗa. Inda Faransanci ya taimake ni shi ne "desiccated" da ke jikin ledar garin kwakwa, don tushensu ɗaya da "sec" a Latin. Har na fi abokin nawa iya rubuta ta: s ɗaya, c biyu.

Ɗalibi a Ingila:
Malam Manomi, da ka ga abin da na gani da ka amsa wa jami'in nan. Tumatirin da muke shanyawa a gefen kwalta, nan a kwalba ake sayar da shi cikin man zaitun da sunan "sun-dried", kuma kayan 'yan gayu ne. Lokacin sanyin farko leɓena ya tsage kamar hunturun Katsina, na shiga kantin magani na ce leɓena ya zama "broken". Matar ta zaro ido, ta zaci naushi na sha. Ashe "chapped" ake cewa. Faso kuwa ba su da kalma guda kamar tamu, sai dai su ce "cracked heels". Idan ƙishirwa ta ishe su sukan ce "I'm parched", kalmar da ake faɗa wa ƙasar da ta bushe ta dare. Kilishi ne kawai na ƙi yarda in kira "jerky". Wanda ya ci duka biyun ya san dalili.

Tela:
A wajenmu yadi ne ke motsewa bayan wankin farko. Wani kwastoma ya ce rigarsa ta yi "shrivel", na ce a'a ranka ya daɗe, "shrink" ta yi, kuma tun farko na ce a jiƙa yadin kafin in yanka.

Dattijon Baga:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Ruwa ba ya yaushi kuma ba ya yamushewa, ƙafewa yake ko ya ja baya. Ina yaro aka yi farin 1973, ina da iyali aka yi na 1984. Inda mahaifina ke ɗaure kwalekwale, da idona na ga ana shuka wake da masara a wurin. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000, daga baya ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na haka. Na taɓa yi wa wasu 'yan jarida tafinta. Ɗaya ya ce in tambayi masunta yaushe tafki ya yi "dry up". Masunta suka ƙi maganar, suka ce rijiya ce ke ƙafewa, tafki ja da baya ya yi, kuma in damina ta yi kyau yakan dawo har ya cinye gonaki. Muka yi ta ja har ya yarda ya rubuta "receded". Ya kuma kira bandarmu "dried fish", na ce hayaƙi ne ya yi aikin, ba rana ba, "smoked" za ka sa.

Manomin Kadawa:
Allah ya saka da alheri, Baba. Na gode wa kowa. An gyara injin. Ɓangaren da ke kusa da magudana ya miƙe, a sabon rahoto na rubuta "wilted but recovered". Kunya goma sha biyu na can ƙarshe kam sun tafi, na sa musu "withered". Malamin Gona, akwai 'yan tushe a tsakiya da har yanzu ba su ɗago ba duk da ƙasar a jiƙe take. Gobe da sassafe zan tafi da kofin gilashi.