Fitilar injin ta ƙi mutuwa a dashbod, ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a. Ina da Corolla ƙirar 2008, 'yar Kwatano. Fitilar nan mai ruwan ɗorawa mai siffar injin ta kama, kuma ta tsaya cak, ba ƙiftawa take yi ba. Jar fitilar baƙin mai da ta zafin injin duk lafiya lau, motar ma tana tashi ba gardama, sai dai shan fetur ya ƙaru.

Bakanike ya jona mata kwamfuta, ta nuna P0420, wato katalis ɗin cikin salansa mai tace hayaƙi (wanda suke kira indomi) ba ya aikinsa. Ya goge lambar, muka canza fulogi, amma da na hau titin Zariya sai ga fitilar ta dawo. Yanzu shi ya ce a fasa a zubar da indomin kawai, wani kuma ya ce oksijin sensa na baya (na'urar da ke auna hayaƙin bayan ya wuce indomin) ne ya mutu. Ni dai maganar fasawar ba ta kwanta min ba, tunda sensan zai ci gaba da ganin hayaƙi mara tacewa.

Don Allah masana, ta yaya zan tantance wanne ne kafin in kashe kuɗi? Kuma akwai haɗari idan na yi doguwar tafiya da ita a haka?